Miskali a Bakin Giram: Sharhi a kan Yadda Ake Juya Awon Zinari na Da

Gabatarwa

Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, har da Gwashi da ƙauyukanta, ƙasa ce da Allah Ya albarkata da zinari. A yau mai haƙa da mai saye da giram suke ciniki, amma a littattafan malamanmu da labaran fatake miskali ake ambata. Wannan ya sa marubuta tarihi da dama suka saba da rubuta cewa miskali ɗaya daidai yake da giram 4.25, su ninka, su wuce. Manufar wannan sharhi ita ce a duba ko wannan lissafi ya dace da kowane miskali da aka tarar a rubuce. A nawa ra'ayin bai dace ba.

Asalin Adadin 4.25

Adadin yana da tushe mai ƙarfi. A shekara ta 77 bayan Hijira, wato wajen 697 Miladiyya, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci, kuma waɗanda suka rage a gidajen tarihi an auna su an samu kusan giram 4.25. Ibn Khaldun ya ambata cewa miskalin shari'a nauyin ƙwayar sha'ir 72 ne, sannan dirhami goma daidai yake da miskali bakwai. A kan wannan ne Shaihu Yusuf Alƙardawi ya tsayar da nisabin zakkar zinari, dinari 20, a kan giram 85. Ta fuskar hukuncin shari'a ba ni da ja, domin dinarin Abdulmalik shi ne abin komawa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki miskalin shari'a aka ɗora wa miskalin kasuwa. Na kasuwa bai taɓa zama ɗaya ba. A Masar ya kai giram 4.68, a Daular Usmaniyya ya kai wajen 4.8. Timothy Garrard, a littafinsa na 1980 a kan duwatsun awon zinari na mutanen Akan, ya nuna cewa miskalin garin zinari a Afirka ta Yamma ya fi kusa da giram 4.5. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Tambutu daga 1853 zuwa 1854, ya ce miskalin can nauyin ƙwayar alkama 96 ne. To, alkamar wace gona? Ƙwayar hatsi tana canzawa da irin ƙasa da ruwa da bushewa, saboda haka wanda ya juya ta zuwa giram har da ɗigo biyu yana da'awar sanin abin da mai awon kansa bai sani ba.

Bari mu gwada da lissafi. Idan takarda ta ce wani falke ya biya miskali 1,000, a kan 4.25 za a samu giram 4,250, a kan 4.68 kuma giram 4,680. Bambancin giram 430 ne, kusan rabin kilo na zinari. Ko a nisabi, miskali 20 na Masar giram 93.6 ne. Da za a yi kuskuren amfani da shi, da mai giram 90 ya tsere wa zakka alhali ta wajaba a kansa. Haka sadakin rubu'in dinari, wanda a mazhabar Malikiyya shi ne mafi ƙaranci, ya dogara ne ga sanin wane dinari ake nufi.

Akwai kuma tarko na biyu. Marion Johnson, a maƙalarta ta 1968, ta jawo hankali ga cewa a ƙarni na 19 miskali kan zama sunan kuɗin lissafi. Barth ya tarar a Agadas a 1850 ana kiran wuri 1,000 miskali ɗaya, alhali miskalin zinari na gaske a Tambutu yana kaiwa wuri 3,000 zuwa 4,000. Wanda ya ga miskalin Agadas ya mayar da shi giram, ya ƙirƙiro zinarin da ba a taɓa aunawa ba.

Matsayin Giram

Kada a ɗauka ina raina ma'aunin zamani. Injiniya da likita ba su da mafaka sai shi. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, da miligiram a cikin kilo aka auna gubar da ke cikin ƙasa, aka san gidajen da za a kankare. Kilo ɗaya a Gummi shi ne kilo ɗaya a Faransa, kuma tun 2019 ma'anarsa ba ta dogara ga dunƙulen ƙarfen da aka ajiye a kusa da Paris ba. Amma ƙarfin giram shi ne haɗarinsa a hannun mai tarihi, domin adadin da aka rubuta da shi yakan yi kama da tabbas ko da tushensa zato ne.

Kammalawa

Shawarata ga masu rubuta tarihin wannan yanki ita ce su bar kalmar miskali yadda suka same ta, su faɗi gari da shekarar da aka yi awon, su tantance ko zinari ake nufi ko kuɗin lissafi. Bayan haka sai su ba da giram tsakanin 4.25 da 4.8, ban da inda maganar ta shafi hukuncin shari'a. Ya kuma kamata Hukumar Tarihi ta nemi tsofaffin sikeli da duwatsun awo da suka rage a hannun maƙeran farfaru da zuriyar fatake, a auna kowane ɗaya, a rubuta inda aka samo shi. Da wannan kaɗai za mu san nauyin miskalin da kakanninmu suka yi ciniki da shi.