Ƙidayar asibiti ba ƙidayar gari ba ce

Ka taɓa ganin saƙon da ke cewa "bincike ya nuna kashi kaza na mutanen Kaduna suna da ciwo kaza"? Kafin ka tura wa 'yan'uwa a WhatsApp, ka tambaya: su wa aka ƙirga?

Ɗauki Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando. Idan mai bincike ya tsaya a layin yankar kati yana ƙirga masu yanar ido, dole adadin ya yi yawa, don ai mai lafiyar ido ba ya zuwa can. Tsohuwar da ta makance a Rigasa kuwa, ba ta da ɗan jagora ko kuɗin mota, ba ta shiga lissafi ba. Aibin binciken da ake haɗawa daga fayil ɗin marasa lafiya ke nan: labarin masu zuwa asibiti yake ba ka, ba na gari ba.

Kwatanta shi da binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007. An zaɓi unguwanni da ƙauyuka 305 ta hanyar ƙuri'a, aka bi gida-gida, aka duba idon sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 aka samu makafi, kuma yanar ido ce kan gaba.

Shi ma fa yana da iyaka. Wannan adadin bai shafi matasa ba, na ƙasa baki ɗaya ne, kuma ya kwana biyu. Duk wanda ya tsara aikin yanar ido na Kawo ko Unguwar Rimi da shi kaɗai, ƙiyasi ya yi.