Gwanin Faskare da Ƙugunsa

A wajen masu faskare, ba lallai ƙaton cikinsu ne yake fin kowa tara itace ba. Sau da yawa wani siririn dattijo ne, wanda idan ka gan shi a hanya ba za ka ce zai iya ɗaga turmi ba. Matashi zai yi ta zabga sara yana haki, kafin azahar ya dafe ƙugu ya nemi inuwa, dattijon kuwa yana nan yana aikinsa har la'asar. Abin da ya raba su ilimi ne, ilimin da nake ganin ba a ba shi girman da ya kamata.

Gwani ba ya fara sara sai ya karanta gungumen. Zai juya shi da ƙafa, ya duba inda ya soma tsagewa da kansa, ya ga inda reshe ya taɓa fitowa ya bar ƙulli. Nan ne gatari yake maƙalewa ko ya yi tsalle ya dawo, don haka sai ya kauce masa ya bi tsagar. Ya san halin kowace bishiya. Ƙirya, wadda masassaƙa suke yin turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta, ba a yi mata gaggawa. Marke ma akwai tauri. Dalbejiya ta fi su sauƙin kai.

Sai tsayuwa, kuma a nan ne lafiyar jiki take. Yakan buɗe ƙafafu, ya ɗora gungumen a kan wani guntu don kada sara ya kai shi har ƙasa. Lokacin ɗagawa, hannu ɗaya yana can kusa da kan gatari, ɗayan yana gindin ƙota. Gatari na saukowa, hannun saman ya sulalo ya tarar da ɗan'uwansa, gwiwoyi su ɗan lanƙwashe, gadon baya ya tsaya a miƙe. Nauyin ƙarfen ne yake fasa itacen, shi dai saita shi yake yi. Ba ya damƙe ƙota da ƙarfin tsiya, domin girgizar kowane sara a wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa take sauka. Kuma kafin ya fito sai ya wasa gatarinsa, don dakusasshen baki yana ninka yawan sara.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayai masu taushi da suke hana su gugar juna. Abin da ya fi cutar da su shi ne mutum ya sunkuya ya ɗauki nauyi, sannan ya murɗa jiki da kayan a hannu. Idan faifai ɗaya ya ɓullo ya danne jijiya, ciwon yakan sauko daga ƙugu har ƙafa. Shi ya sa gwani yake mirgina babban gungume ko ya sa sanda ya tunkuɗa shi. In ɗauka ta zama dole, zai tsuguna, ya rungumo shi kusa da ciki, ya miƙe da ƙarfin cinyoyi, ya juya da ƙafafunsa gaba ɗaya. Ba a banza Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take lissafa aikin daji cikin sana'o'i mafiya haɗari ba.

Abin da yake damuna shi ne yadda wasu matasan leburori suka maye gurbin wannan koyo da tiramadol. Ƙwayar tana kashe zafin da yake gaya wa mutum ya dakata, sai ya ci gaba da sara a kan rauni. Dattijon faskare kuwa da sassafe yake cin ƙarfin aikinsa, rana na take tsaka ya ajiye gatari, ya sha ruwa ko fura, ya miƙe bayansa a kan tabarma kafin ya koma.