Ramuwar Gayya da Halin Mai Ramuwa: Nazarin Abubakar na Jiki Magayi da Aiden na Watch Dogs

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba halin mutumin da aka zalunta, ya ga babu mai bi masa hakki, sa'an nan ya ɗauri aniyar ramawa da hannunsa. Za mu yi haka ne ta jera taurari biyu. Na farko shi ne Abubakar na cikin Jiki Magayi, littafin John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Na biyu shi ne Aiden Pearce, tauraron wasan bidiyo mai suna Watch Dogs, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a watan Mayu na 2014.

Wataƙila wani daga cikin malamaina zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Dalilai biyu ne. Na ɗaya, wasa irin wannan labari ne cikakke, mai jigo da taurari da zubi, kuma an sayar da kwafi fiye da miliyan 4 a makon farko na fitowarsa. Ɗalibanmu da ke zuwa daga Bodinga da Shagari da ƙauyuka irin su Mandera sun tashi ne a zamanin waya da kwamfuta, labaran da ke shiga kansu ba ta littafi kaɗai suke shiga ba. Na biyu, maganar ɗaukar doka a hannu magana ce da ta ci rayuka a Jihar Sakkwato. Saboda haka ya wajaba ga mai nazarin adabi ya tambaya, wane hoto ne labaranmu da na wasu suke zana wa matashi game da mai ramuwa?

2.0 Labaran biyu a taƙaice

A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, mai mata amma ba ɗa. Ya yi mafarki cewa in ya auri Zainab zai sami haihuwa. Ita kuwa Zainab akwai soyayya tsakaninta da wani saurayi, Abubakar. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu, aka haifi ɗa, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya bar gari, ya sha baƙar wuya wajen neman asirin da zai rama da shi. Da ya samu, sai ya auna yaron. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya haɗu da wani ɗan fashi, Dogon Yaro, har daga baya ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba. Da gaskiya ta bayyana gare shi, shi ma sai ya ɗauri aniyar ramawa a kan Abubakar.

Shi kuwa Aiden gwanin kutse ne cikin na'urori a birnin Shikago na Amurka, birnin da a cikin wasan komi nasa, daga fitilun titi har gadoji da na'urorin ɗaukar hoto, yana rataye da tsarin kwamfuta guda. Shi da abokin sana'arsa Damien sun yi kutse a wani otel mai suna Merlaut don satar kuɗin baƙi. Mai otel ɗin, wani tsohon uban 'yan daba da ake kira Quinn, ya zaci wani sirrinsa suke nema, ya sa a bi su. Aka harbi tayar motar Aiden, motar ta kife, 'yar ƙanwarsa Lena, mai shekara 6, ta rasu. Wasan yana farawa ne wata 11 bayan haka, Aiden ya rufe fuska yana farautar duk mai hannu a kisan.

3.0 Hali

Abu na farko da ya haɗa su shi ne dukansu biyu an cuce su da gaske. Mai karatu yana tausayin Abubakar, don ya ga yadda kuɗi ya raba shi da wadda yake so. Mai wasa ma yana tausayin kawun da ya rasa 'yar ƙanwarsa. Wannan tausayi shi ne jarin da kowane labarin ramuwa yake farawa da shi, kuma gwanintar marubuci tana bayyana ne wajen yadda ya kashe jarin.

Abu na biyu shi ne ƙunci. Da zarar sun ɗauri aniya, duniyarsu ta tsuke ta koma abu guda. Abubakar ya bar sana'a da dangi da gari, ya ba da ƙuruciyarsa duka ga neman asiri. Aiden kuwa ba ya dariya, ba ya hira sai ta aiki, har ƙanwarsa Nicole ma sa ido yake mata ta na'urori da sunan kariya. Masu sharhi da yawa sun ce tauraro ne mara armashi, kuma a wasa na biyu da ya fito a 2016 kamfanin ya kawo wani tauraro mai fara'a. A ganina rashin armashin nan daidai yake da halin. Wanda ramuwa ta cika wa ciki ba ya da sauran wurin da zai ajiye raha.

Inda suka bambanta shi ne wajen laifi. Abubakar bai yi wa kowa komi ba kafin a ƙwace masa Zainab, daga baya ne ya zama azzalumi. Aiden kuwa ɓarawo ne tun farko, kuma satarsa ce ta jawo wa Lena ajali. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan ya doki yarinya. Saboda haka ramuwarsa tana da ƙasa biyu. A sama yana neman makasa, a ƙasa yana gudun ranar da zai zauna ya amsa wa kansa cewa da bai shiga otel ɗin nan ba da yarinyar tana raye. Muddin akwai sauran wanda zai bi, wannan rana ba za ta zo ba. Ta nan Aiden ya fi Abubakar zurfi.

4.0 Abota

Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. In muka auna taurarin nan da wannan ma'auni, za mu ga ba mai abokin kuka a cikinsu. Mutanen da Abubakar ya nema a yawonsa masu asiri ne, wato tsani ne zuwa ga biyan bukata. Abota mai ƙarfi a littafin ita ce ta Kyauta da Dogon Yaro, ita kuwa abota ce ta ɓarna, kuma ita ta kai yaron ga jinin ubansa.

Aiden yana da mutane kewaye da shi, amma a duba su ɗaya ɗaya. Damien, wanda ya koya masa sana'a, shi ne ya sace Nicole don ya tilasta masa aiki. Jordi ɗan kwangilar kisa ne, ana biyansa, kuma a ƙarshe da wani ya biya shi sai ya juya bindiga a kan Aiden, ba tare da ƙiyayya ba, ciniki ne kawai. Clara, wadda ta fi kowa kusa da zuciyarsa, ita ce ashe aka biya tun farko ta gano inda yake, tana taimakonsa ne don nadama. Da ya gane sai ya kore ta, aka kashe ta a maƙabarta inda take kai furanni kabarin Lena. Saura T-Bone, tsohon injiniyan kamfanin da ya gina tsarin birnin, shi ma yana ɗauke da alhakin rayuka 11 da suka salwanta lokacin da ya kashe wutar lantarki. Ke nan abin da ya ɗaure su duka ko kuɗi ne ko alhaki.

Darasin da ke nan guda ne a labaran biyu. Aboki na gari shi ne mai cewa bari, mai ramuwa kuwa ba ya iya zama da mai cewa bari. Nicole ta roƙi yayanta ya haƙura, bai ji ba. Ƙarshenta ita da ɗanta Jackson suka bar Shikago, suka bar shi. Iyalin da ya ce dominsu yake yaƙi su ne ya rasa.

5.0 A kan wa ramuwa take sauka?

Nan ne Jiki Magayi ya nuna fifikonsa. Malam Shehu ne ya yi laifi, amma Kyauta, wanda ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin, shi aka lalata. Zainab, wadda Abubakar ya ce yana so, ita ta rasa miji, ta ga lalacewar ɗa. Mutanen da Kyauta ya yi wa sata ba su san Galma ba balle rigimarta. Sa'an nan ramuwar ta haifi wata ramuwa, tunda yaron ya tashi neman Abubakar. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, littafin kuwa ya nuna cewa zafin nan ba ya tsayawa inda aka nufa da shi. Rauninsa shi ne Zainab ba ta da murya sosai, kamar kaya ce da maza biyu ke ja, kuma dogaro da mafarki da asiri yana rage wa taurarin nauyin zaɓinsu.

Watch Dogs ma ya san wannan gaskiya, mutuwar Clara da tafiyar Nicole shaida ne. Amma ya ba Aiden abin da ya nema. Ya kashe Quinn ta hanyar kutse cikin na'urar da aka dasa masa don daidaita bugun zuciya, ya kashe Damien, ya tsaya a matsayin mai tsaron birni. Wato ya yi hasara, amma an naɗa shi gwarzo.

6.0 Mai karatu da mai wasa

Babban bambancin yana cikin kayan aikin kansu. Mai karatu ɗan kallo ne, yana da tazarar da zai yi hukunci. Mai wasa kuwa shi ne Aiden, yatsansa ne ke harbi. Nan wasan ya raba baki biyu. Labarinsa yana cewa ramuwa halaka ce, dokokinsa kuwa suna saka wa mai wasa da maki da makamai da ƙarin gwaninta duk lokacin da ya kayar da wani. Yana iya kwashe kuɗin mai wucewa daga banki ta waya, bayan wayar ta nuna masa sunan mutumin da sana'arsa da abin da yake samu, ya wuce abinsa a matsayin mai kare jama'a.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Na'urar tana nuna wa Aiden wanda take hasashen zai aikata laifi tun bai aikata ba, kuma in laifin ya zo aukuwa, wanda ta nuna shi ne mai yi. A irin wannan duniya zato ya zama shaida, ba bukatar alƙali. Wuri guda da wasan ya tsaya ya yi tambaya ta gaske shi ne a ƙarshe, inda aka ajiye Maurice, wanda ya harbi tayar, ya zama abin tausayi, aka bar wa mai wasa zaɓi ya kashe ko ya ƙyale. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai ya zo bayan gawarwakin da ba a tambayi kowa a kansu ba.

7.0 Abin da ya shafe mu

'Yan sa-kai sun taso ne saboda zalunci na gaske, kisa da satar shanu da garkuwa da mutane, a wuraren da hukuma ta yi nisa. Da yawansu mutanen kirki ne masu tsaron iyalansu. Amma a watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani fiye da 10 a kasuwar Mamande ta Ƙaramar Hukumar Gwadabawa. Cikin watan nan 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni, sa'an nan kasuwar Goronyo, inda aka kashe mutum fiye da 40. Masu cin kasuwar nan su ne Kyauta na wannan labari, su suka biya bashin da ba su ci ba. Gwamnatin jiha ta haramta 'yan sa-kai a shekarar, a 2024 kuma aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ƙarƙashin doka.

Magabatanmu sun san wannan haɗari. Shari'a ta ba waliyyin wanda aka kashe zaɓi tsakanin kisasi da diyya da afuwa, amma tabbatar da laifi da zartar da hukunci ta ajiye su hannun alƙali da shugaba, kuma ba a kama wani da laifin wani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Bodinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda masu mulki za su tsai da adalci. In suka kasa, Abubakar da Aiden ne ke cike gurbin.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa taurarin biyu sun fara da hakki, suka ƙare cikin kaɗaici, ba aboki sai abokin bukata. Aiden ya fi zurfin hali, amma Jiki Magayi ya fi gaskiya game da inda ramuwa take sauka, domin bai bar mai ramuwa ya fita da rawani ba. Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce kada mu raina waɗannan wasanni, kada kuma mu tsaya ga tsine musu. Mu shigo da su aji tare da littafin, mu sa ɗalibi ya lissafa waɗanda suka cutu a kowane labari, ya ware masu laifi daga marasa laifi, sa'an nan ya faɗa mana wa ya ba tauraron izinin hukunci. Ɗalibin da ya iya yi wa labari wannan tambaya zai iya yi wa wanda ya zo kiransa gayya a ƙauyensu.