Wasan Farautar Ayarin Jiragen Ruwa: Me Yake Koya wa Yaranmu?

Ya kai mai karatu, ka san ayarin raƙuman da ke tashi daga Agadas zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Ka san abin da ya sa ake tafiya tare, madugu na gaba: hanya da nisa, kuma a da akwai ƴan fashi. To, a teku ma an yi ayari. A kansa ne aka ƙera wani wasan kwamfuta mai suna Silent Hunter III, wanda kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2005. Yaran Yamai da na ƙauyuka suna wasannin yaƙi iri iri a waya da kwamfuta, don haka ya kamata mu auna wannan.

Ga wani ɓangare na asalin labarin. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta Hitila ta auka wa Tarayyar Sobiyat a 1941. Ingila da Amurka suka riƙa aika mata tankoki, jiragen sama, motoci, mai da abinci. Jiragen ruwa kan taru su bi ta arewacin Norwe, cikin tekun ƙanƙara, zuwa Murmansik da Arkanjel. Daga 1941 zuwa 1945 an yi ayari 78. Jamusawa kuwa suna kwanton ɓauna da jiragen sama da jiragen da ke nutsewa ƙarƙashin ruwa.

A cikin wasan, kai ne kyaftin na irin wannan jirgi mai nutso. Za ka leƙa saman ruwa da wani madubi mai dogon wuya. Za ka saurari ƙarar injin abokan gaba. Sai ka lissafa nisan jirgi, da gudunsa, da inda ya dosa, kafin ka harba bam mai gudu cikin ruwa. Bama-baman ƙirgaggu ne. In ka daɗe a ƙasa, batir ya yi sanyi, iskar shaƙa ta ƙare. In jiragen rakiya suka ji motsinka, su yi ta jefo maka bam daga sama.

A nan wasan ya cancanci yabo. Ba ya son gaggawa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma wanda bai iya lissafi ba zai koma gida hannu rabbana. Yaron da ya ƙware a kansa ya koyi karanta taswira da auna tazara. Yana kuma ɗanɗana tsoron da ke cikin wannan akwatin ƙarfe. Tsoron ba ƙarya ba ne: cikin Jamusawa wajen 40,000 da suka yi aiki a jiragen, kusan uku cikin kowane huɗu ba su dawo ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wasan ya ɗora ka a kan kujerar mai tare hanya, ba ta madugu ba. Ladanka nauyin jiragen da ka nutsar, tan kaza da kaza, da lambar yabo a ƙirji. Tan ake ƙirgawa, ba rai ba.

Dubi ayarin da ake kira PQ 17. Ya bar Aisilan ran 27 ga Yuni 1942 da jiragen kaya 35. Ran 4 ga Yuli, shugaban sojan ruwan Ingila, Dudley Pound, ya ji tsoron wani babban jirgin yaƙin Jamus mai suna Tirpitz. Ya ba da oda masu rakiya su janye, ayari ya watse. Lokacin rana ba ta faɗuwa a can, babu duhun ɓuya. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Jirage 24 suka nutse, 11 suka isa. Ma'aikata 153 suka mutu. Yawancinsu ba sojoji ba ne: masu ba inji wuta ne, da kuku, da masu jan igiya, masu neman abin kai wa iyali. Wanda ya faɗa wannan ruwa, sanyi kan kashe shi cikin ƴan mintoci. Mai wasa zai ga wuta da hayaƙi, ya yi murna. Ba zai ji kukan gwauruwa ba. Ba kuma za a tsaya a bayyana masa mugun nufin Hitila, wanda dominsa ake wannan farauta ba.

Hukuncinmu shi ne, wasan gwani ne wajen nuna yadda ake kisa, kurma ne wajen faɗin wanda aka kashe. Ba mu ce ka hana ɗanka ba. Zauna kusa da shi. In jirgi ya nutse, tambaye shi: mutum nawa ke ciki? Me suka ɗauko, kuma wa ke jiransu? Ka tuna masa cewa an ɗebi kakanninmu daga Nijar zuwa wannan yaƙin, kuma da jirgin ruwa aka ƙetare teku da su. Kai da ka iya karatu yanzu, karanta masa wannan shafi, ku yi mahawara a kai.