Jan Ƙafa Ko Zolaya: Tsokaci A Kan Fassarar Kalmomin Raha Na Turanci

Wani abin da ya daɗe yana ci wa masu nazarin harshe tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake koyar da kalmomin raha na Turanci, musamman ga ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko. Galibi malami kan ɗauki karin magana irin "pulling your leg" ya warware ta kalma bayan kalma, alhali kuwa jan ƙafa a Hausa na nufin nawa ko jinkiri da gangan. Abin da Bature yake nufi shi ne zolaya, wato a faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don a ga ko zai gaskata.

Kuskuren bai tsaya nan ba. Tun da Radcliffe-Brown ya buga maƙalarsa a mujallar Africa cikin 1940, laƙabin "joking relationship" ya zama ruwan dare, har wasu suka ɗauka daidai yake da wasan barkwanci. Maƙalar ta yi rawar gani wajen nuna cewa al'ada ce take halatta wannan raini, amma kalmar "joke" ta yi wa abin kaɗan. A Birnin Kebbi da Argungu, Bakabe ba ya bukatar neman izini kafin ya tsokani Bakatsine, haka jika da kaka, haka taubasai masu karɓar kuɗin shara a watan Muharram. Dangantaka ce take wanke maganar tun kafin a furta ta. Shi kuwa mai Turanci sau da yawa sai ya biyo bayan maganarsa da "just kidding" don ya kashe kaifinta. Irin wannan wasa na dangantaka ne hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon 'yan Adam daga Jamhuriyar Nijar a 2014.

Ke nan, ɗalibin da bai san wannan bambanci ba yana iya yin fushi inda ake wasa, ko ya yi ba'a inda ba shi da hurumi. Ya kamata malamai da masu tsara ƙamus su riƙa bambanta zolaya da tsokana da ba'a da gatse, su kuma bayyana wane ne yake da damar faɗar magana, ga wa, kuma a wane muhalli.