Shin ciwon damuwa ne ke jawo cutar mantuwa? Mu bi rahoton Lancet a hankali

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce idan aka kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. Ciwon damuwa na ciki, da kashi 3. Daga nan aka fara yaɗa cewa maganin damuwa rigakafin mantuwa ne. To, a nan muke da ja.

Lissafin ya ɗauka cewa damuwar ce sila. Amma binciken Whitehall II da aka wallafa a 2017, wanda ya bibiyi ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan tsawon shekara 28, ya nuna wani abu daban. Waɗanda suka nuna alamun damuwa tun 1985 haɗarinsu bai fi na sauran ba. Bambancin ya fara bayyana ne kusan shekara 11 kafin a gano mantuwar. Kenan mai yiwuwa damuwar tsufa alamar farko ce ta ƙwaƙwalwar da ta riga ta fara taɓuwa. Gaskiya ne wani babban bincike a Denmark a 2023 ya ga alaƙar har a waɗanda suka kamu da damuwa tun suna matasa, amma shi ma bibiya ce kawai, ba gwaji ba.

Ga tsoho mai ciwon suga ko hawan jini, lamarin ya fi rikiɗa. Cututtukan nan suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma hakan na iya haifar da damuwar da mantuwar tare. Sannan ma'aunin PHQ-9 yana tambaya kan gajiya, barci da cin abinci. Wane mai ciwon ƙoda ne ba zai ce yana gajiya ba? Sai makinsa ya hau alhali jiki ne ke ciwo.

Duk da haka a yi wa tsofaffi maganin damuwa, amma da dalilin da ya tabbata: damuwa na sa mutum ya bar shan magani, ya daina fita, suga da jini su ƙwace masa. Idan kuma dattijon da bai taɓa irin wannan ba ya fara janye jiki daga mutane bayan shekara 65, kada a ce tsufa ne kawai. A kai shi asibiti a duba yanayin ransa, a kuma gwada ƙwaƙwalwarsa.