Ficewar Dimiya: Tarken Muhawarar David Hume a kan Iyakar Hankali

A ƙarshen babi na 11 na littafin David Hume mai suna Dialogues Concerning Natural Religion, ɗaya daga cikin taurari uku da ke muhawara ya nemi wani uzuri, ya tashi ya bar zaman. Marubucin bai ɓata tawada a kan lamarin ba, ya ambace shi a taƙaice ya wuce. Manazarta da dama su ma sun wuce, domin hankalinsu yana kan wata tambaya daban, wato wane ne bakin Hume a cikin taurarin. Wannan maƙala tana ganin ficewar nan ita ce ƙashin bayan littafin, kuma a wurinta ne ƙarfinsa da rauninsa suka gamu.

An haifi Hume a Edinbara ta ƙasar Sikotland a 1711, ya rasu a can a 1776. Shekara 14 kafin haihuwarsa, a 1697, aka rataye wani ɗalibi mai suna Thomas Aikenhead a garin bisa laifin saɓo. Shi kansa Hume ya rasa kujerar koyarwa a jami'ar Edinbara a 1745 saboda zargin da ake yi wa aƙidarsa. Ya soma wannan littafi wajen 1750, abokai suka ba shi shawarar ya ɓoye, ya ɓoye, yana gyara shi har cikin ciwon ajalinsa. Amininsa Adam Smith ya noƙe daga ɗaukar nauyin bugawa, sai ɗan ɗan'uwansa ne ya fitar da shi a 1779. Duk mai karanta littafin ya kamata ya riƙe wannan a ransa: rubutu ne na mutumin da ya san akwai maganar da ba a faɗinta kai tsaye.

Zubin littafin muhawara ce mai babi 12, wadda wani matashi, Famfilas, yake ba abokinsa labarinta. An yi ta a ɗakin karatu na Kiliyantis, malamin Famfilas. Kiliyantis yana ganin tsarin duniya hujja ce a fili: duniya kamar wata babbar na'ura take, sassanta sun dace da juna, kuma tunda ba mu taɓa ganin na'ura ba tare da maƙeri ba, to ƙiyasi ya nuna akwai mai tsarawa wanda hankalinsa ya yi kama da na ɗan Adam, sai dai ya fi shi nesa ba kusa ba. Dimiya mumini ne mai tsananin tsarkake Ubangiji daga kama da halitta; a wurinsa samuwar Allah tabbatacciya ce, amma hakikaninSa ya fi ƙarfin hankali. Filo kuwa mai shakka ne, sana'arsa kwance duk igiyar da wani ya tufka.

Tun daga babi na 2 Dimiya da Filo suka ƙulla ƙawance. Dukansu sun ce samuwar Ubangiji ba ita ce abin jayayya ba, siffarsa ce abin tambaya, kuma dukansu sun ce siffar ba ta sanuwa. Filo har ya kawo labarin mawaƙin Girka Simonidis, wanda sarki Hiyero ya tambaye shi mene ne Ubangiji, ya nemi kwana ɗaya ya yi tunani, da ya dawo ya nemi kwana biyu, ya yi ta ninka wa'adin ba tare da ya ba da amsa ba. Dimiya ya ji wannan a matsayin ladabi a gaban girman Mahalicci. Mai karatu kuwa ya fara jin wani abu daban a muryar Filo. Bakinsu ɗaya, zuciyarsu biyu. Kalmar “ban sani ba” a bakin Dimiya sujada ce, a bakin Filo kuwa rufe littafin shari'a ce saboda rashin shaidu.

Kiliyantis ne ya fara gano wannan. A babi na 4 ya tambayi Dimiya bambancin da ke tsakanin wanda ya ce hakikanin Ubangiji ba ya sanuwa ko kaɗan da mai shakka ko mulhidin da ya ce sanadin farko abu ne da ba a sani ba. Idan aka cire wa zati tunani da nufi da so da ƙi irin waɗanda muka fahimta, in ji shi, sunan kawai ya rage. Ɗalibin da ya yi karatun tauhidi a zaure zai gane wannan fage, domin shi ne tsohon rikicin tashbihi da ta'aɗili: mai siffantawa yana tsoron kada ya bauta wa babu, mai tsarkakewa yana tsoron kada ya bauta wa gunki. Gwanintar Hume ita ce ya mayar da wannan rikici wasan kwaikwayo, ya sa mutum na uku a tsakiya yana cin riba daga tsoron kowannensu.

Inda littafin ya fi armashi shi ne babi na 5 zuwa na 8, lokacin da Filo ya karɓi ƙiyasin Kiliyantis ya bi shi har ƙarshensa. Tunda daga aiki ake gane ma'aikaci, to mu duba aikin da kyau. Jirgin ruwa yana ba mutum mamaki, amma idan ka ga kafintan da ya haɗa shi, wataƙila ka tarar da mutum ne mai ƙaramar basira wanda ya kwaikwayi magabata, su ma bayan ɓarnar katako ta ƙarnoni suka iya. Sa'annan jirgi da gida da birni ba mutum ɗaya ke gina su ba, me zai hana a ce alloli da yawa ne suka haɗa hannu? Me zai hana a ce duniyar nan gwajin farko ce ta wani ƙaramin abin bauta da ya ji kunyarta ya watsar, ko aikin wani da tsufa ya cim masa? Daga nan Filo ya ce duniya ta fi kama da dabba ko tsiro fiye da agogo, don haka haihuwa ko tsirowa sun fi dacewa su zama asalinta. Ya kawo ma wani ra'ayi da ya jingina wa Barahmawan Indiya, cewa wani gizo-gizo marar iyaka ne ya saƙo duniya daga cikinsa, ya ƙara da cewa da a ce akwai duniyar da gizo-gizo ne kaɗai mazaunanta, da wannan bayani ya zame musu hujjar da ba ta da ja. (Bahaushen da ya tashi da tatsuniyar Gizo zai yi murmushi a nan, ko da yake ba Gizonmu ake nufi ba.)

Kuskure ne a karanta waɗannan misalai a matsayin abin da Filo ya yi imani da shi. Bai yarda da ko ɗaya ba. Yana jera su ne don ya nuna cewa kowanne yana da ɗan kama da gaskiya, kuma babu ma'aunin da za a fifita ɗaya da shi, domin duniya guda ce, ba mu taɓa tsayawa mun ga ana ƙera wata ba balle mu gwada. Muna sanin hayaƙi daga wuta yake saboda mun sha ganin su tare. Abin da ya faru sau ɗaya tak, kuma ba a gabanmu ba, ƙiyasi ba shi da wurin dafawa a kansa. Wannan makami kuwa kaifi biyu gare shi, abin da masu ɗaukar Hume a matsayin limamin mulhidai suke mantawa. Rashin shaidar da ya hana Kiliyantis tabbatarwa shi ne ya hana kowa korewa. Filo da kansa ya faɗa a ƙarshen babi na 8 cewa dakatar da hukunci ne kawai mafakar da ta rage. Wannan matsayi shi ne Larabawa ke kira la'adriyya, wato ra'ayin ban-sani-ba, shi ne kuma Thomas Huxley ya ƙirƙira wa suna a Ingila a 1869, shekara 90 bayan fitar littafin.

Hume ya yi wa Kiliyantis adalci fiye da yadda ake zato. A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Gilbert Elliot a 1751, ya nemi a taimaka masa da duk abin da zai ƙarfafa ɓangaren Kiliyantis. A babi na 3 kuwa ya bar shi ya yi nasara: ya ce a ɗauka an ji murya daga cikin gajimare tana magana da kowace al'umma da harshenta, shin za a tsaya jayayya a kan ko akwai mai magana? Ya ce a dubi ido da yadda aka tsara shi, tunanin mai tsarawa yana faɗo wa mutum da ƙarfi irin na abin da aka gani. Famfilas ya shaida cewa Filo ya ɗan rikice. Hume ya san cewa hujjar tsari tana da wani ƙarfi a zuciya wanda rushe ta a takarda ba ya kawar da shi, kuma bai ɓoye hakan ba.

Dimiya ne bai sami wannan adalci ba, a nan ne kuma nake ganin littafin ya yi rauni. A babi na 9 aka ba shi dama ya kawo tasa hujjar: duk abin da ke akwai yana da sanadi, jerin sanadai ba zai bayyana kansa ba, don haka dole a tuƙe ga wanda samuwarsa wajiba ce. Hume ya ɗauko ta ne daga malamin Ingila Samuel Clarke, amma tsohuwa ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gina ta a kan bambancin wajibin samuwa da mai yiwuwar samuwa, kuma duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Sanusi ya saba da rabon hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi. Kiliyantis ya rushe ta da 'yan sakin layi: duk abin da za mu iya sawwala samuwarsa za mu iya sawwala rashinsa, me zai hana ita duniyar ta zama wajibar, idan aka bayyana maka sanadin kowane ɗaya daga ƙwayoyi ashirin, neman sanadin tarinsu wauta ce. Suka ce mai nauyi, amma tana da amsoshi, kuma malaman da suka rayu da wannan hujja ƙarnoni da yawa ba za su yi shiru ba. Dimiya ya yi shiru. Babin yana cikin mafi gajarta a littafin. Marubucin da ya roƙi aboki ya ƙara wa Kiliyantis ƙarfi bai ga bukatar yi wa Dimiya haka ba, sai ya bar shi kamar ɗan dambe da aka tura fage da hannu ɗaya a ɗaure.

Daga nan aka shiga maganar wahala. Dimiya ne ya buɗe ta, yana ganin ƙuncin rayuwa shi ke kai mutum ga addini, Filo kuwa ya kama masa, suka yi ta jera cututtuka da yunwa da zalunci da yadda halittu ke cin juna. Kwatsam Filo ya juya ya farfaɗo da tsohuwar tambayar da ake jingina wa Abiƙur game da yadda mugunta ta samu tare da mai iko mai alheri. A babi na 11 ya yi taka-tsantsan: bai ce wahala ta kore samuwar mai alheri ba, ya yarda za su iya haɗuwa ga wanda ya riga ya yi imani ta wata hanya. Abin da ya ce shi ne ba za a iya ciro alherin daga kallon duniya kaɗai ba, kamar yadda wanda aka shigar da shi gida mai duhu da hayaniya da zafi ba zai yanke hukuncin cewa maginin gwani ne ba, ko da an ce masa akwai dalilai. Cikin zato huɗu, wato sanadin farko mai tsantsar alheri ne, ko mai tsantsar sharri, ko mai duka biyun, ko wanda babu ruwansa da ko ɗaya, ya ce na ƙarshen ya fi rinjaye. A nan Dimiya ya farga cewa abokin tafiyarsa ya fi Kiliyantis zama abokin gaba, ya faɗi hakan, ya fita.

Bayan fitarsa Filo ya sauya murya har ya zama kamar wani mutum. Ya ce babu wanda ya fi shi jin girman tsari a cikin halitta, ya ce saɓanin mumini da mulhidi na lafazi ne, domin ɗaya ya yarda hankalin farko ya sha bamban da namu ƙwarai, ɗayan ya yarda akwai ɗan kama mai nisa, to a ina za a ja layi? Norman Kemp Smith, a bugun da ya yi wa littafin a 1935, ya tafi a kan cewa Filo ne Hume tun daga farko har ƙarshe. Ina ganin ya yi gaskiya, amma ba na ganin babi na 12 tsoro ne kawai ya haife shi. Abin da Filo ya amince da shi siriri ne matuƙa: sanadi ko sanadan tsarin duniya wataƙila suna da wata kama mai nisa da hankalin ɗan Adam, kuma wannan bai isa a gina wani aiki ko bari a kansa ba. Ba a yi wa irin wannan magana salla, ba a kuma mutuwa dominta. Sa'annan ya rufe da cewa mai shakka shi ya fi cancantar ya gudu zuwa ga wahayi, maganar da har yau ba a daidaita ba ko da gaske yake ko da gatse.

To amma wa ya kamata ya amsa wannan maganar? Dimiya. Shi ne kaɗai a cikin ukun yake da wani abin faɗa a kan yadda mutum zai ce bai san hakikanin abu ba kuma ya miƙa wuya gare shi, yadda rashin sani zai zama gida maimakon kango. Tambayar da Kiliyantis ya yi masa a babi na 4 ita ce mafi girma a littafin, kuma an fitar da shi kafin ya amsa ta da gaske. Famfilas ya rufe da hukuncin cewa Filo ya fi Dimiya kusa da gaskiya, Kiliyantis kuma ya fi Filo, yana kwaikwayon yadda Sisero na Rum ya rufe tasa muhawarar a kan alloli a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya karkata ga mai kare addini bayan ya bar mai shakka ya yi magana ta ƙarshe. Masu nazari sun daɗe suna gardama a kan ko matsayi na ɗaya da na biyu a wannan hukunci da gaske ne, ganin cewa alƙalin yaro ne kuma almajirin wanda ya ba nasara. Na ukun ne ba a cika waiwaya ba, alhali shi ne aka yanke wa hukunci ba ya nan.